Wanda Ya Tumɓuke Tattasan Bosso

Falmata ta san an shiga ɗakin gilashin da take renon shuka a ciki tun kafin ta isa, domin ta hango ƙofarsa tana lilo a iska, ita kuwa ba ta taɓa barinta a buɗe ba. Ta ƙarasa tana haki. Garin Sheffield ba ya barin kowa ya isa ko'ina sai da haki. Ko gishiri za ka sayo sai ka hau tudu, kuma ko ta ina ka biyo a dawowa sai ka tarar da wani tudun yana jiranka. Lambun kuwa can yake a saman unguwa, inda hukumar gari ta yanka wa mutane ƴan filaye suna shuka kabeji da dankali.

Ta leƙa ciki. Tukwanen roba suna nan a jere kan katako, kowace da ƙasarta, amma tsiron tattasai ya tafi. Ba a bar komai ba sai ƴan ramammu, irin waɗanda ko akuya ta gani za ta tausaya musu.

Wannan ba tattasan kanti ba ne. Irin gonar mahaifinta ne ta bakin Komadugu, kusa da Bosso, wanda uwarta Ya Fanna ta ƙulle a bakin zane ranar da suka guje wa masu bindiga. Yanzu tsohuwar tana zaman hijira a Gagamari, ba ta da ko taƙin ƙasa, kuma duk abin da ta gwada shukawa a bayan bukka awakin mutane sun cinye. Da Falmata ta je gida bara, sai ta damƙa mata ragowar ƙullin duka, ta ce ta raya shi a can ta maido mata sabo. Ga shi kuma da safen nan rediyo ya ce raɓa za ta daskare da dare. Tattasan da ya kwana a waje yau, gobe sai dai a yi masa ta'aziyya.

Ta yi tunanin ƴan sanda, ta watsar. Kafin su gama tambayarta yadda ake rubuta sunanta, rana ta faɗi. Aikinta na gidan kula da tsofaffi ya koya mata ta dubi ɗaki kafin ta taɓa komai, don haka ta tsaya ta duba. Ƙasar tukwanen jiƙe take sharkaf, alhali rabonta da ban ruwa tun shekaranjiya. Tsohon buhun da ke rataye a ƙusa babu shi. A ƙasa kuma ga ƴan ganyaye warwatse, an tsinke su da farce. Kwaɗon babbar ƙofar lambu, mai buɗewa da lamba, lafiyarsa ƙalau.

Ta fara da Brenda, tsohuwar Baturiyar da suke raba ɗakin gilashin da ita. Ta same ta durƙushe a filinta, karenta yana sanye da rigar ruwa kamar ɗan makaranta.

"An kwashe mini tattasai," in ji Falmata.

"Abin takaici! Yaran unguwa?"

"Yara gilashi suke fasawa. Ke ce kika ce tattasaina ya tare wa tumatirinki rana."

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Mu je in gani."

Brenda ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Wane mahaukaci ne zai fizge tsiro ya bar tukunya? Ni da zan sata, tukwanen zan ɗora a baro in tura. Saiwa ba ta son a taɓa ta."

Gaskiyarta. Duk tsawon zamanta a lambun nan, Falmata ba ta taɓa ganin Bature ya raba tsiro da ƙasarsa ba. Ta ba matar haƙuri, ta gangara.

Ban da masu lambu, mutum ɗaya ne ya san lambar kwaɗon: Abdullatif, direban tasi ɗan Maiduguri, wanda yakan ɗauko mata kashin doki daga ƙauyukan bayan gari. Kuma da bakinsa ya sha cewa ranar da tattasan nan ya nuna, shi ne ɓarawon farko. Ta same shi a ƙofar kantin nama yana goge mota, ruwan sama yana ɓata masa aikin yana sakewa.

"Buɗe but ɗin motarka," ta ce.

"Haba Yaya Falmata, ko gaisuwa babu?" Ya buɗe. Tabarmar salla ce da tayar canji. Da ya ji abin da ya faru, dariyar ta bar fuskarsa. "Wallahi ni a miya na san tattasai. Ki ajiye mini tsironsa da na tumatir, ba zan bambance ba."

"Wa ka ba lambar ƙofa?"

"Ban ba kowa ba."

"Wa ya ga ka buɗe?"

Ya sosa ƙeya. "Ranar da na kai taki, Baba Zarami yana cikin mota. Ya ce in zaga da shi ya sha iska. Ya shiga ɗakin gilashin ya daɗe, har na yi masa hon."

"Me ya ce da ya fito?"

"Ya ce sun isa dashe, ana zaluntarsu a cikin roba."

Baba Zarami tsohon manomi ne na wajen Yébi, kusa da Bosso, wanda ɗiyarsa Rumaisa, ma'aikaciyar asibiti, ta ɗauko bayan an raba su da gonarsu. Mutumin da ya yi rayuwarsa da fartanya a kafaɗa ya dawo yana gadin talabijin a bene. Duk Juma'a Falmata takan kai masa tuwo da miyar busasshen kifi. Da za a ba ta zaɓi, da ta gwammace a ce Brenda ce.

"Ina yake zuwa idan ya fita?"

"Bas yake hawa har ƙarshen layi, inda gidaje suka ƙare. Akwai wani rafi a can."

"Tada mota."

Suka bi ta layukan gidajen dutse masu manne da juna, kwandunan shara a jere a ƙofa don ranar kwasa ce, mutane a tashar bas kowa ya sunkuyar da kai cikin lema. Hanya ta yi ta hawa. Can sai gidaje suka yanke kamar an sa wuƙa, aka shiga katangun duwatsu da koren tudu, tumaki barbaje ko'ina ba makiyayi. Idon Falmata yana kan rana da ta fara karkata a bayan gajimare.

Daga kan gada suka hango shi. Yana zaune a kan dutse a bakin rafi, babbar rigar sanyi a kan jallabiya, jiƙaƙƙen buhu a gefensa. A gabansa ga fangali an tayar masu kyau, kowane da kunyarsa, da ƴar hanyar ruwa da aka jawo daga rafin. Ko a Komadugu sai an tsaya an kalli wannan aiki. Sai dai ruwan sama ya cika fangalin har baki, kuma sawun tumaki ya ratsa su ta ko'ina.

"Baba, ina wuni," in ji Falmata.

"Lahiya lau, ɗiyata." Bai ɗago ba. "Na tahi neman ƙaya in yi shinge. Ƙasar ga ko ƙayar kirki babu. Kahin in komo, dabbobi sun shiga."

"Don me ba ka tambaye ni ba?"

"Da kin hana."

"Da na hana mana! Baba, sanyin daren yau kashe su zai yi. Nan ba a fitar da tattasai waje."

Sai a lokacin ya dube ta. "Wa ya gaya miki ni ne?"

"Hannunka. Ɓarawo ba ya ba tsiro ruwa kafin ya tumɓuke shi, sai wanda yake tsoron saiwa ta tsinke. An rage ganyen ƙasa da farce, an naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, an zaɓi ƙarfafa an bar ramammu. Haka mahaifina yake yi ranar dashe. A duk garin nan mu biyu ne muka san wannan, ni kuwa ina wurin aiki."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan rafin. "A gida kogi ne ke gaya mana lokaci. In Komadugu ta zo, a dasa. Wannan kuwa ba ya tahiya balle ya komo. Kullum na zo cike yake, kullum ce mini yake, dasa."

Tun daga ƙasan tudu Falmata ta ɗauko faɗa. Haushi take ji, tausayi kuma ya hana ta sauke shi a kansa. Ta tuɓe takalmi ta shiga taɓon. Su uku suka bi fangalin suna laluba, ruwan yana cizon yatsu. Mafi yawan tsiron tumaki sun gutsure musu kai, wasu an tattake su cikin laka. Abin da suka tsamo da ransa Falmata ta riƙe a hannu ɗaya.

Suna shiga mota wayarta ta yi ƙara. Ranar kasuwa ce, ranar da Ya Fanna takan ari wayar maƙwabta. Falmata ta zuba wa sunan ido ta kasa ɗauka. Baba Zarami ya miƙo hannu, ya danna, ya sa a fili kowa yana ji.

"Fanna, Zarami ne na Yébi. Irin da masu bindiga suka bar miki, ni na kai wa tumakin Nasara."

Ana jin kukan jaki da hayaniyar yara daga Gagamari, nan kuwa ruwa yana buga rufin mota.

"Falmata na kusa?" in ji tsohuwar.

"Ga ni, Ya."

"Me ya rage?"

"Bai cika hannu ɗaya ba."

"To, ki rufe hannun."

Layin ya yanke. Abdullatif ya ƙure na'urar ɗumama mota, ya juya kan tasi zuwa gangara. Falmata ta cusa hannunta cikin rigar sanyi, laka tana ɗiga a cinyarta, ba ta buɗe shi ba har suka isa ƙofar lambu.