Muryar da Ke Ciyar da Kurar Ruwa

Da la'asar sakaliya na'urar nan Ciyarau ta zura siririn hannunta na ƙarfe cikin tankin, ta saki jatan lande bakwai da yankan kifi da aka cusa wa ƙwayar aidin. Abincin ya nutse a hankali har ƙasa. Kifin shak ɗin ya wuce ta kansa, ko shinshinawa bai yi ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai ci komai ba.

A Tudun Gilashi, inda benaye suka tokare gajimare, kogi kuwa ya zama labarin tsofaffi, duk gidan da ya amsa sunansa gida akwai tankin ruwan gishiri a bangon falo, da ɗan shak mai tsawon hannu yana kai da kawo. Kurar ruwa ake ce masa. Mutanen da ko a mafarki ba su taɓa ganin teku ba, ga su suna gardamar na wa ya fi sheƙi. Wahalarsa ɗaya ce, abinci. A cika masa ciki hanta ta kumbura, a rage aidin maƙoƙo ya fito masa. Don haka Injiniya Suwaiba ta ƙera Ciyarau, na'urar da ke karanta lafiyar kifi daga ruwan da yake ciki, ta auna masa abin da ya dace sau uku a mako.

Gidaje dubbai sun amince da ita, ban da mahaifin Suwaiba. Baba Jatau Basarke ne, yana cikin na ƙarshe da suka taɓa jefa taru a kogi na gaske. Ya ce dabba ba ta cin abincin hannun da ba ɗumi. Shi yake karɓar awon daga na'urar, ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa, ya yi ta yi wa kifin hira har ya cinye. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce aka kai shi makwancinsa.

Suwaiba ta ga cikin kifin ya fara lotsawa, hankalinta ya tashi. Shi kaɗai ne abu mai rai da tsohon ya bari a gidan. Sai ta buɗe wa Ciyarau rumbun sautin falon na shekara uku, ta ba ta izinin gwada duk abin da zai sa kifin ya ci.

Ranar farko ƙarar zobe ta fito daga bango. Rana ta biyu tarin tsohon. Rana ta uku Suwaiba tana kicin tana yanka albasa ta ji an kira daga falo.

"Suwaiba."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan ta mai cin goro. Amma ita 'yar fari ce. Shekara hamsin da biyu Baba Jatau bai taɓa furta sunanta ba, don alkunya. "Ke" yake cewa, in ya ji daɗi ya ce "yarinyar nan". Ta san dalili, ba ta taɓa ganin laifinsa ba, amma Allah ya sani ta yi kwaɗayin jin sunan a bakinsa ko sau ɗaya. Na'ura kuwa ina ta san kunya? Ta tsinto sautuka daga hirarsa ta ɗinke su.

Suwaiba ta san ƙarya ce, ita ta rubuta ƙwaƙwalwar abin da hannunta. Duk da haka ta je, ta dafa gilashin tana kuka. Kifin ya juyo ya cinye komai.

Haka aka yi wata biyu. Kifin ya murmure, fatarsa na ƙyalli, ita kuwa zobe ya fara zamewa daga yatsanta. Duk ranar ciyarwa takan rantse ba za ta amsa ba, la'asar na yi sai ta tsinci kanta a tsaye gaban tanki.

Wata safiya ta daure ta buɗe bayanan Ciyarau don ta goge muryar. A nan ta ga yadda abin yake. Shak yana da ƙananan ramuka a hanci da yake jin bugun zuciyar abin da ke kusa da su, gilashin tankin kuma yana isar masa da shi. Ba muryar ce ke sa shi ci ba, bugun zuciyarta ne. Na'urar ta gwada kalmomi arba'in, ta gano babu mai girgiza ta kamar sunanta. A ƙasan shafin kuma akwai sabon rumbu mai ɗauke da muryar Suwaiba kanta, an tace an adana don wanda zai gaji gidan. Kusa da shi an rubuta Nafi'u, sunan ɗanta na fari da ke aiki a wani birni, wanda ita ma ba ta taɓa kiransa da shi ba.

Ta ce kafin ta goge komai, gara ya ji sunansa daga bakinta tun tana da rai. Ta umarci na'urar gidan ta kira shi a waya, muryarsa ta cika falon.

"Umma? Lafiya dai?"

Ta buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaronta ya tsaya, shekaru talatin na kunya suka danne shi. Ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Ciyarau ta ji zuciyar Suwaiba na dukan uku-uku, kifin kuma ya taso saman ruwa. Sai ta saki jatan lande, ta yi magana daga bango da muryar Suwaiba, a tausashe.

"Nafi'u."

Da ya amsa, muryarsa rawa take, kamar ta wanda aka ba ruwa bayan doguwar tafiya.

"Na'am, Umma. Don Allah ki sake faɗa."