Auta da Mai Yankan Ciyawa

Da tsoro Auta ta fara aiki a rumfar shayi ta filin golf. Tana cikin jera kofuna ta ji wani abu ya ce ƙwas, ta ɗaga kai ta ga wani saurayi mai koren kayan aiki ya saki injin yankan ciyawa ya durƙushe, hannunsa dafe da kafaɗa. Ƙwallon wani ɗan wasa ce ta same shi. Ba ta san lokacin da ta ƙunso ƙanƙara a tawul ta ruga wurinsa ba.

"Sannu, malam. Ƙashi ya taɓu?" Muryarta rawa take yi.

Ya ɗago yana murmushin ƙarfin hali. "Ni aka buga, ke kike karkarwa. Ba komai, mun saba."

Sai ya miƙe ya ɗaga wa mai ƙwallon hannu alamar ban haƙuri, kamar shi ne ya yi laifi. Wannan ya fi bugun tayar mata da hankali.

Daga ranar yakan biyo ta rumfar ya sha ruwa a tsaye, don ba a yarda ma'aikatan ciyawa su zauna inda baƙi suke zama ba. Ta sa masa suna Ɗan Asuba, saboda kafin gari ya waye yana fili, yana share raɓa, yana yanka, yana sauya ramukan da ake jefa ƙwallo a ciki, yana feshin magani. Sai rana ta faɗi yake tashi. Babu Asabar, babu Lahadi, kuma ladan wuni ake ba su, ko sun ƙara lokaci ko ba su ƙara ba. Shi kuwa Matsoraciyata yake ce mata.

"Matsoraciyata, na iso gida lafiya, yatsuna goma cif. Ki ci abinci," yakan rubuto.

"Ka sa takunkumi da za ka yi feshi? Jiya na ji kana tari. Ka faɗa min gaskiya, Ɗan Asuba."

Sau da yawa amsa ba ta zuwa. Tun tana fushi har ta gane barci ne yake kwashe shi da wayar a hannu.

Da ta kai maganarsa gida, Baba ya rage muryar rediyo ya daɗe yana kallonta.

"Auta, ba talaucinsa nake gudu ba. Ni ma da keke na auri uwarki. Amma mutumin da zai fita kina barci ya dawo a mace da gajiya, yaushe zai zama miji? Ranar da ya kwanta ciwo, wa zai biya shi?"

"Baba, yana da hankali."

"Hankali ba ya tare ƙwallo. Ga ɗan aminina can a shagon kayan wasa na wurin naku, cikin sanyi, da albashinsa na wata. Shi ma ya yi magana."

Inna ta ci gaba da ninke wanki.

Mai shagon ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya riƙe labari. Shi ya tsaya a rumfar wata rana yana gyara wuyan riga.

"Kin ji mutumin naki ya zama shugaban masu ƙorafi? Ya ja 'yan ciyawa sun je wurin manaja, wai a raba musu aiki kashi biyu, a biya ƙarin lokaci. Ana gama gasar golf ɗin da ke tafe za a sallame su."

Auta ta ɗauko wayarta. Ta rubuta wa Ɗan Asuba: "Don Allah ka janye. In aka kore ka, Baba ya samu hujja."

Ya amso: "In na janye, hujjar Baba ta tabbata. Gida nake so in yi da ke, ba masauki ba."

Ta yi fushi ta daina amsa saƙonsa. Yakan wuce da injinsa ya ɗaga mata hannu, ita kuwa ta sunkuyar da kai kan butar shayi.

Ana gobe gasa hadari ya haɗo da azahar. 'Yan wasa duk suka shige mota suka koma ginin kulob. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramuka. Manaja ya aiko a ture ruwan kafin ya lalata wurin. Daga rumfa Auta tana hango 'yan ciyawa can tsakiyar fili, ba gini, ba inuwa sai wata doguwar bishiya, kowa riƙe da abin turin ruwa mai mariƙin ƙarfe. Walƙiya tana tsaga sama. Ta kira wayarsa, ta tuna a akwatin ma'aikata ake sa su ajiye wayoyi.

Ta fara addu'a a fili, kofuna suna kaɗawa a kan kanta. Sai wani haske fari ya cika mata ido, ƙara ta biyo baya har ta faɗi zaune. Da ta miƙe, bishiyar ta rabe biyu tana hayaƙi. Mutane suna gudu. Mutum ɗaya yana kwance.

Ta gane shi tun daga nesa. Ta yi gudu cikin ruwa, takalminta ya maƙale a laka ta bar shi. Abokan aikinsa suna jijjiga shi, idonsa a rufe, gefen rigarsa ya ƙone.

"Yana numfashi?" ta tambaya. Suka ɗora shi a motar ɗiban yashi.

A barandar asibiti Baba ya same ta, jiƙe sharkaf, ƙafa ba takalmi. Bai yi faɗa ba. Ya cire babbar rigarsa ya yafa mata, ya zauna kusa da ita. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta miƙe tsaye. Abokan aikin suna tsaye jikin bango, kuma daga bakinsu Baba ya ji cewa Ɗan Asuba ne ya kori sauran daga gindin bishiyar, shi ya rage a baya.

Likita ta fito ta ce ya farfaɗo. Ƙunar za ta warke, amma ba lallai ne jin kunnensa na hagu ya dawo ba.

Da suka shiga, ya ga Baba ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta, yaro," in ji Baba. Ya dube shi da kyau. "Za ka koma filin nan?"

"Zan koma, Baba. Aikin nake so. Yadda ake sa mu yin sa ne ba na so."

Auta ta rufe fuska. Ba amsar da take fata ba ke nan.

Washegari ba ma'aikacin ciyawa ko ɗaya da ya taɓa inji, aka ɗage gasar. Masu kulob suka zauna da su. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma aka raba aikin safe da na yamma, aka mayar da su 'yan albashi, aka ba su hutun mako, aka kafa jiniyar da in ta yi kuka kowa zai bar fili.

Baba ya yi kwanaki bai ta da maganar ba. Inna ce ta gaji ta ce, "Malam, yarinyar nan ta rame. Ko ka hana, tsoron nan tana cikinsa. Gara ta yi shi a ɗakinta, ta ga shigarsa ta ga fitarsa."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "A ce ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure 'yan ciyawa suka zo cikin fararen kaya, har Auta ta kasa gane wasu. Mai shago ma ya zo, ya fi kowa ba da labarin yadda abin ya faru. Baba ya kama hannun ango ya yi masa magana, ango ya ce, "Na'am, Baba?" Aka yi dariya. Baba ya zagayo ta kunnen dama ya maimaita da ƙarfi.

"Na ce ga ta nan, amana. Ka riƙa dawo mata da wuri. Allah ya tsare fitarka, ya kwantar mata da hankali, ya albarkaci gidanku."

Jama'a suka amsa da amin. Auta, daga cikin mayafi, tata ta fi ta kowa tsawo.