Zomon Ulu na Gidan Torjus

Kwaɗayi mugun hali ne, amma akwai wanda ya fi shi muni: mutum ya so dukiya, ya kuma so a cire farashinta a jikin wani. Laifin Torjus ke nan. Har yau in tsofaffi suka bi ta kangon gidansa a kwarin Rustdal, sai su tofar da yawu su ƙara sauri.

Torjus ɗan ƙodago ne, saniya ɗaya gare shi, ita ma ƙashi da fata. Yana son Aslaug 'yar Gunleik, mai garken da ya fi na kowa a kwarin, ita ma ba ta ɓoye nata son ba. Kamar yadda 'yan matanmu ke yi in sun ba da zuciya, ta yanki gashinta, ta kitsa shi da jan zare, ta ɗaura masa a wuyan hannu. Gunleik ma bai ƙi ba.

"Zo ka yi mini kiwo, ɗan nan," in ji shi. "Duk bazara in ba ka maraƙi. Ranar da shanunka za su iya riƙe mace har sanyi ya wuce, ka zo da magana."

"Kafin nan ai na yi furfura, Baba."

"Ni da furfurar na auri uwarta, ba ta ce a mayar da ni ba."

Aslaug ta ce za ta jira. Torjus ne ya kasa.

Wata Alhamis da hantsi ya hau dutse wajen Eilev, tsohon da ba ya shiga coci, ba a kuma gaishe shi sai da dalili. Bukkarsa a jikin dutse take, rufinta ciyawa, ƙofarta na kallon arewa. Ciki duhu da warin tsamin nono. Ƙahonin shanu jere a bango, kowanne an toshe bakinsa da kakin zuma. Ga igiyoyin turke a rataye, waɗanda masu su suka gaji da cigiya. A tsakar ɗakin akwai faffaɗan dutse mai rami, ramin ya yi baƙi ƙirin da abin da aka daɗe ana zuba masa.

"Kai ne mai saniyar nan da iska ke kayarwa," in ji Eilev. "Mata kake so ko shanu?"

"Duka biyu, Kaka."

"Kowa duka biyu yake so. Zauna."

Tsohon ya ɗauko ulu mai ruwan toka, wanda ya tsinto a shingayen mutane, ya dunƙula shi a jikin haƙarƙarin mataccen maraƙi.

"Wannan zomo zai zama. Zai bi garkunan kwari ya tsotse shanu, ya dawo ya amayar a gangar da kake kaɗa nono. Amma ulu ba ya tafiya da kansa, sai an haɗa shi da mai rai. Miƙo ƙaramin yatsanka na hagu." Ya zaro wuƙa.

Torjus ya mayar da hannu baya. "In na ba da jinina, me zai same ni?"

"Duk abin da ya sami zomon."

"Babu wata hanya?"

Eilev ya zuba wa wuyan hannunsa ido. "Akwai. Gashin mai ƙaunarka ma yana yi, in da hannunsa ya ba ka."

Kafin ya rufe baki Torjus ya kwance kitson.

"Ba ka tambaye ni abin da zai sami mai gashin ba."

"Haba Kaka, gashi ne fa. Tsirowa yake yi."

Ya sani. Kada kowa ya ce muku bai sani ba.

Tsohon ya cusa kitson a cikin ulun, ya ajiye a ramin dutsen, ya hura masa numfashi. Abin ya motsa, ya miƙe kunnuwa. Ba shi da ido.

"Me zan biya, Kaka?"

"Ka riga ka biya. Fita."

Daga ranar gangar Torjus ba ta sake wayuwa a bushe ba. Ya kai man shanu kasuwa, ya dawo da karsana, ya sake kaiwa, ya dawo da bijimi. Ya yi ginin katako mai bene. Su kuwa shanun maƙwabta hantsarsu ta yamushe, in an matsa sai jini. Garken Gunleik ya fi kowanne shan wahala, amma tsohon ya cika alkawari, aka ɗaura aure, ya sa rigarsa mai maɓallan azurfa ya yi rawa har gumi.

"Ina kitson da na ɗaura maka?" Aslaug ta tambaya bayan biki.

"Ya tsinke a daji."

"Ji mutum! Kana tsammanin a kasuwa nake sayo gashin?" Ta yi dariya, ta bar maganar.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aslaug takan tashi da safe a gajiye kamar wadda ta kewaye kwarin da gudu, tafin ƙafarta duk kaushin ƙaya, bakinta da ɗanɗanon madara. Ta ce tana mafarkin ciyawa ta fi ta tsawo, karnuka na bin ta. Torjus ya ce zazzaɓi ne.

Ta haifi ɗa namiji a tsakiyar sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, shanun kowa suka ƙafe. Zomon bai sami na waje ba, sai ya juyo gida. Nonon Aslaug ya ɗauke cikin kwana kaɗan. An ba yaron madarar ganga, ya amayar da ita baƙa. Yaron ya rasu. Aka ajiye gawarsa a rumbu har ƙasar da sanyi ya daskarar ta yi laushin haƙa.

Uwar Torjus, da ke zaune tare da su, ita ce ta ga zomon da idonta, wata safiya, ya ɗare bakin ganga yana amai. Tun daga nan ba ta sake magana irin ta mutane ba, sai ta duƙa a lungu tana kukan saniyar da aka raba da ɗanta.

Torjus ya koma dutse. "Kwance shi, Kaka. Ɗauki shanun duka."

"In na warware ulun, na warware matarka. Kai ka zaɓa."

Ya sauko bai faɗa wa kowa ba. Da ya buɗe baki ya gaya wa surukinsa, da ba a kai inda aka kai ba. Kunya ta fi masa matarsa.

Da bazara ta dawo, Gunleik ya ga zomo mai ruwan toka maƙale a hantsar saniyarsa ta ƙarshe. Kowa ya san harsashin dalma ba ya kama irin wannan, sai azurfa. Ya shiga ɗaki, ya yanko maɓallin azurfa daga rigar da ya sa ranar bikin 'yarsa, ya ɗura a bindiga, ya jira fitowar rana.

Torjus na ƙofar garke ya ji ƙarar bindigar daga tsallaken rafi. A lokacin ne ya ji faɗuwar abu a ɗakin girki. Aslaug na kwance kusa da ganga, hannunta dafe da haƙarƙari, jini na bi ta tsakanin yatsunta.

"Torjus," in ji ta, "karnukan sun daina bi na."

Ba a jima ba Gunleik ya shigo tsakar gida da murna, yana ɗaga abu sama. "Surukina! Na kashe ɓarawon! Zo ka ga..." Ulun ya warware a hannunsa. Kitso mai jan zare ya faɗo ƙasa. Tsohon ya san gashin, shi ya sha taje shi bayan rasuwar uwarta. Bai zagi Torjus ba. Ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa ya tafi da ita gida.

Ku da kuke ganin haƙuri wauta ne, ku lissafa. Shanun Torjus suka mutu ɗaya bayan ɗaya kafin kaka. Benen ya ruɓe, ba wanda ya yarda ya ɗauki ko katako ɗaya. Ɗansa na ƙarƙashin ƙasa, uwarsa ta mutu tana kukan saniya, matar da ta ce za ta jira shi tana kwance a makabartar coci kusa da uwarta, shi kuwa an hana shi wuri a can. Abin da ya rage wa Torjus shi ne ƙaramin yatsansa na hagu, lafiya lau, ko ƙwarzane babu.