Akuyar Inna Jummai da Jirgin Talata

Wata yarinya ce 'yar aji huɗu a Rurum. Ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafi. Da aka yi dogon hutu, aka kai ta wurin Kawu Murtala, mai aikin duba layin dogo a wani ƙauye. Dogon ya ratsa tsakanin duwatsu da gonakin dawa, ciyawa kuwa shar a gefensa.

Kawu ya gaya mata jirgin fasinja ran Alhamis yake wucewa. Ya kuma ja mata kunne kada ta kusanci dogo.

Ran Talata da hantsi, Inna Jummai, matar Kawu, ta ba ta akuyar gidan ta kai kiwo. Akuyar tana da tsohon ciki.

Sai da suka yi nisa yarinyar ta tuna ta bar turke a gida. Ta dubi ƙarfen dogo, ta ce a ranta ai yau ba Alhamis ba ce. Ta zura igiya ta ƙarƙashinsa, ta ƙulle tam, ta tafi tsintar ɗinya.

Can sai ta ji ruri. Kan jirgi mai shan man dizal ya ɓullo daga bayan dutse, yana fitar da baƙin hayaƙi. Akuya ta yi ta fizga, igiya ta ƙi kwancewa.

Yarinyar ta sheƙo da gudu. Allah ya sa Kawu yana kusa, yana bin layi da gudumarsa.

"Tsaya nan!" ya daka mata tsawa.

Ya zaro wuƙa, ya yanke igiyar, ya janye akuyar gefe. Taragu suka yi ta wucewa, ƙasa tana girgiza.

Tana kuka ta ce, "Kawu, ni na ɗaure ta. Ka ce sai Alhamis."

"Na fasinja ke nan, 'yata. Jirgin kaya ba shi da rana. Kuma ba babur ba ne da zai ja birki ya tsaya nan take."

A gida ta ba Inna haƙuri. Inna ta yafe, amma ta ce mako guda yarinyar ce za ta riƙa yanko wa akuyar ciyawa.

Kafin hutu ya ƙare, akuyar ta haifi tagwaye. Ran Alhamis ta ƙarshe Kawu ya tsayar da yarinyar nesa da dogo, ta ɗaga hannu, direban jirgi ya ɗaga mata.

Ta koma Rurum da darasinta: gargaɗin babba duka ake riƙewa, ba rabi ba.