Khaulat da Mai Tarwada

Sayen ƙananan tarwada ne ya kai Khaulat wurin kiwon kifin Garzali a bakin kogin Wudil. Ɗalibar ajin ƙarshe ce a jami'a, a kan kifi take bincikenta.

"Miya za a yi da waɗannan 'yan mitsi-mitsin?" ya tambaye ta.

"Karatu zan koya musu. In kunna jar fitila, in ɗan ba su shokin lantarki a ruwa. Bayan 'yan kwanaki, da sun ga fitilar za su gudu ɗaya gefen tankin."

"Kai, malama, ba ki da tausayi! Dole in riƙa zuwa duba 'ya'yana."

Ya kuwa riƙa zuwa. Ranar da kifayen suka fara gudu tun kafin shokin ya taɓa su, ta yi ta tsallen murna, shi kuma ita yake kallo.

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Abbanta ya ce ba zai ba mai ƙarnin kifi 'yarsa ba, ga Ja'afar ɗan amininsa, ma'aikacin ofis. Da ta ambaci Garzali sai faɗa. Aka ƙwace wayarta. Garzali ya zo gaisuwa aka kore shi, bai sake dawowa ba.

Ta ari wayar Ummanta ta tura masa:

"Masoyina, kora ɗaya har ka koyi gudu? Kifayena ma sun fi ka juriya. Ka turo manyanka."

Ya amsa: "Hasken idona, gudun a ƙara ɓata miki rai nake. Amma in kin tsaya, na tsaya."

Da safe ta durƙusa gaban Abba.

"Abba, ka yi min faɗa, ka riƙe wayar, kullum zan zo in gaishe ka. Amma ba zan auri Ja'afar ba. Garzali nake so."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai ka ce kar in taɓa yi maka ƙarya."

Da la'asar Abba ya tafi bakin kogi da kansa, ya tambayi maƙwabta halin yaron. Manyan Garzali suka zo, ya shimfiɗa musu tabarma.

Ranar ɗaurin aure Abba ya dafa kafaɗar ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ka shirya, taurin kan nan a wurina ta ɗauko shi."