Abin da Kawu Ya Danne da Ƙafar Inji

Dab da magariba na shiga ɗakin aikin da marigayi Kawu ya bar mini, don in sassaƙa sabon sandan taya. Na keken guragun matata ne ya karye, tun ranar ko tsakar gida ba ta leƙa ba.

Injin sassaƙar ƙarfen nan kuwa ya kai ni maƙura. Duk sandan da na ɗora sai ya fito gefe ɗaya da kauri, ɗayan siriri kamar karas. Ƙarfen da ya rage mini guntu ɗaya ne.

Na san zaman injin ne ya karkace. Na ɗora masa ma'aunin saiti mai ƙwayar ruwa. Ƙwayar ta tafi hagu. Ta dawo dama. Ta sake tafiya hagu, a hankali, kamar numfashin mai barci.

Na durƙusa da tocila. Ƙarƙashin ƙafar baya akwai wata baƙar fata mai kauri da Kawu ya tokare injin da ita, duk ta jiƙe da baƙin mai. Tir! Kawu, Allah ya jiƙansa, a ƙazanta ba shi da na biyu. Wane mai hankali ne zai saita inji da fata? Na ɗauko siririn falle na ƙarfe mai tsabta, na sa sanda na ɗaga ƙafar, na kama fatar.

Da ɗumi. Da yauƙi.

Ta motsa a hannuna. Ta lashe ni daga tafi har gwiwar hannu.

Harshe ne, ya fito daga wata tsaga a siminti.

Warin ruɓaɓɓen nama ya cika ɗakin. Na ja da baya. Harshen ya sulale cikin tsagar, na ji ana tanɗe baki a ƙarƙashina.

"Kawunka mugu ne," aka ce da raɗa. "Kai ɗan albarka ne. Kawo in taya ka."

Injin ya tashi da kansa. Ya cafki hannun rigata, ya fara naɗewa, yana jan fuskata zuwa bakinsa. Na sulluɓe daga rigar, na fita da rarrafe ina kelaya amai.

Da safe na leƙa. Ga sandan a kan inji, an sassaƙe shi sambal, sai dai yana naso. Na wanke shi da kananzir har hannuna ya yi zafi. Ba ni da wani ƙarfen, matata kuma tana son ganin rana. Na ɗaura shi a keken, na sa wa ɗakin kwaɗo.

"Maigida, me ke wari a keken nan?" in ji ta.

"Mai ne," na ce.

Keken bai ƙara ƙara ba, tafiya yake kamar a kan ruwa. Amma jiya da na dawo gida, na tarar da layi biyu na yawu, kamar sawun tayoyi, sun ratsa tsakar gida. Na bi su. Tana zaune a keken tana barci, daidai bakin ɗakin aikin, kwaɗon kuma yana ƙasa a jiƙe.