Ɓarawon da Ya Rufe Rumbu

Ana shirin azahar aka kira Sufeto Zunnuraini zuwa wani masauki a Jibiya, inda masana rumbun bayanai na Katsina da Maraɗi ke taron ƙara wa juna sani. An sace faifan ajiyar Madam Na'ima, baƙuwa daga Maraɗi.

A faifan akwai sunaye da hotunan mutanen da 'yan bindiga suka kora suka tsallaka Nijar. Ta kawo shi ne a haɗa da bayanan wannan ɓangaren, ko wasu za su gano 'yan uwansu. In bai fito ba, babu mai sake ƙetarowa da irinsa.

Shugaban taron, Alhaji Isah, damuwarsa kada a makara rabon takardun shaida. Ya ce masu shara ne, a kwashe su. Haka irin su Alhaji suke: shekara da shekaru ana taro ana cin kaji, jama'a na kwana a daji.

Sufeto ya dubi teburin Madam Na'ima. Kwamfutar na nan.

"Yaya kika bar ta, Madam?"

"Rumbun a buɗe na baro shi, na tahi shan shayi. Na iske an ruhe shi daidai ƙa'ida kahin a zare faifan."

Mai shara fizgewa zai yi. Wannan hannun ya san fizga na lalata bayanai, kuma tsakiyar sata ya kasa yi musu haka.

Ya tambayi abin da aka yi a hutun. Ta ce yadda aka saba: ta faɗi lambar wayarta, kowa ya yi mata filashin nan take don a adana lambobin juna.

Ya jera mahalarta yana kiran lambobin da suka yi mata filashin ɗaya bayan ɗaya. Kowane aljihu ya yi ƙara, ban da na wani saurayi siriri, Mudathir, ɗan Bugaje.

"Ina kake lokacin shayi?"

"Ina wurin, ranka ya daɗe. Kuɗin waya ne ba ni da shi."

"Ka yi mata tambaya yau?"

"A'a."

Madam Na'ima ta ce ya yi. Shi kaɗai ne ya tambaya ko ana iya neman mutum da tabo, ba da suna ba. Alhaji Isah ya katse shi, wai lokaci ya ƙure.

Sufeto ya sassauta murya. Shi ma yana da wanda ya ɓace masa; ya san kallon fuskokin fasinjojin kowace motar Maraɗi.

"Wa kake nema?"

Mudathir ya zaro faifan daga safarsa. Ƙanwarsa ce, Fatu. Tun ranar da aka tarwatsa ƙauyensu ba a ji ɗuriyarta ba. Ya zaga ofisoshi, kowa na cewa ya dawo gobe. Don ita ya koyi aikin, don ita ya zo taron. Har yanzu innarsu na zuba mata tuwo kwano ɗaya ta rufe.

"Kwafa zan yi in mayar. Lambar sirri ta hana ni."

"Ka san mutum nawa ka kusa raba da nasu?"

Ya sunkuyar da kai. Aka sa masa ankwa.

Alhaji Isah ya ce to alhamdulillahi, a ci gaba da rabo. Sufeto ko kallonsa bai yi ba. Ya roƙi Madam ta buɗe rumbun tukuna.

Ta sa sunan. Masu suna Fatu suka cika allo.

"Tabon ƙuna a wuyan hannun hagu," in ji Mudathir. "Ni na ture fitilar da ta ƙona ta."

Ta rubuta. Hoto ɗaya ya rage.

Mudathir ya ɗaga hannuwansa biyu da ankwar, ya tsaya bai taɓa gilashin allon ba.

"Ta girma," ya ce.

Sufeto ya bar shi ya kalla har ya ƙoshi, bai kuwa ƙoshi ba. Sannan ya kama kafaɗarsa zuwa mota.

"Mu biya ta Bugaje," ya ce wa direba. "Innarsa ta fara ji."